Ku Cire Hotona, Ku Bar Muryata

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban wannan taro, kuma shugaban Ƙungiyar Masu Ɗinkin Hannu ta Tudun Wada, Alhaji Modibbo. Mai girma wakilin mai unguwa. Malamanmu da suka ajiye karatu suka zo. Sakataren ƙungiya, Malam Suhaibu. 'Yarmu kuma gwanarmu, Malama Ummulkhairi, wadda ta gina mana shafin da muka taru mu buɗe. Baƙinmu na unguwar Kongo da na Gyallesu da na cikin birni. Iyaye mata da ke can bayan rumfa. Masu zayyana, masu allura, masu bugu. 'Yan acaɓa da suka kashe inji suka tsaya jin abin da ake ciki. Jama'a manya da ƙanana, assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne Nagoda mai aska takwas. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba, allura ce ta raine ni. An ce in yi magana da yawun dattawan sana'a, an kuma ce in taƙaita. Na farkon na karɓa. Na biyun kuwa, mai gabatarwa ya yi haƙuri ya mai da agogonsa aljihu, don tun da aka kafa ƙungiyar nan ba a taɓa miƙa mini abin magana ba sai yau, kuma ban san ranar da za a sake ba.

Ina godiya ga Allah da Ya nuna mini wannan rana. Wallahi jama'a, murna nake yi, murnar da ban yi irinta ba tun ranar da maigidana ya miƙo mini riga ya ce, "Yi mata wuya kai kaɗai." Yau aikin hannunmu ya hau waya. Yau mutumin da ke Legas, da na Yamai, da na Makka, zai shafa gilashi da ɗan yatsa ya ga rigar da aka ɗinka a zauren Tudun Wada, ya ga zarenta, ya ga kwanciyar aikinta, ya san cewa a Zariya aka yi ta. Ina godiya ga shugaba da ya tsaya, ina godiya ga waɗanda suka ba da abin hannunsu, ina godiya ga matanmu da suka yi haƙuri da tarurrukan da ba sa ƙarewa. Ina kuma godiya ga Ummulkhairi, wadda mahaifinta, Allah Ya jiƙansa, a gefena ya koyi zura zare, ga shi 'yarsa ta zura mu cikin duniya gaba ɗaya.

To, maganar da aka ba ni ita ce maganar fulogin. Na ga wasu sun yi murmushi, suna cewa me tsohon nan ya sani. Ku dakata. Ni ma ranar da na fara jin kalmar na zaci wani magani ne na ciwon gwiwa. Sai na je har ofishin Ummulkhairi a Kongo, na zauna, na ce ba zan tashi ba sai na gane. Ta ce, "Baba, shafi idan aka gina shi kamar riga ce da tela ya haɗa, ba a yi mata aiki ba. Za a iya sa ta, amma ba aljihu, ba wuya, ba ado. Fulogin su ne ayyukan da ake ɗora mata ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya tsare ƙofa, wannan ya karɓi ciniki, wannan ya gyara hoto." Na ce, "Ummu, ai da tun farko haka kuka faɗa, da ni zan koya muku." Don duk wanda ya riƙe allura ya san abu guda: riga tana da iyakar abin da za ta ɗauka. In ka cika mata aiki, gaba da baya, sama da ƙasa, sai ta yi nauyi, wuya ya saki, kafaɗa ta yage, mai ita ya tafi masallacin Juma'a kamar wanda ya ɗauko buhun masara.

Mun san wannan a riga. A shafi kuwa sai muka manta. Bari in ba baƙinmu labarin yadda muka yi, don kada wata ƙungiya ta bi sawunmu.

Da aka ce an fara gina shafi, sai dattawanmu suka ɗauki abin kamar biki. Ku kun san mu, ba a yin biki mutum ya zo hannu rabbana. Kowa ya koma gida ya tambayi ɗansa ko jikansa, wane fulogin ne mai kyau? Kowa aka rubuta masa suna a 'yar takarda, ya saka a hula, ya hau keke sai Kongo. Wannan ya kawo mai sa taurari su riƙa zubowa a fuskar shafi. Wannan ya kawo mai nuna agogon ƙasashen duniya. Wani ya kawo mai faɗin ko za a yi ruwa gobe. Wani ya kawo mai kiɗa da zarar an buɗe, wani kuma ya kawo mai hana kiɗa. Kowa ya ce, "Ga gudummawata." Ita kuwa Ummulkhairi, 'yar gida ce, mu muka yi mata huɗuba. Wane baki gare ta da za ta dubi abokin ubanta ta ce, Baba, naka ba shi da amfani? Ba a mai da hannun kyauta baya. Duk wanda ya shiga sai ta rusuna ta ce, "To Baba, an gode, za a sa." Kuma ta sa. Kunya ta ɗora wa rigar nan aiki har ta kasa tashi.

Ranar da aka ce mu gwada, muna zaune a zauren shugaba, aka danna. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Yana juyawa, muna kallo. Aka kawo shayi muka sha, yana juyawa. Aka kira La'asar muka je muka dawo, bawan Allah yana nan yana juyawa kamar ɗan kokawar da ya rasa abokin karawa. Da ya gaji ya buɗe, taurari suka rufe rigunan, kiɗa ya tashi, mai hana kiɗa ya shaƙe shi, suka kama faɗa a cikin wayar.

Wannan duk wasa ne. Babbar ita ce ta gaba. A cikin gudummawar akwai wani fulogin da asalinsa sayar da shi ake yi, amma wani yaro ya samo wa kakansa na banza a wani lungu na intanet. Ba zan faɗi sunan kakan ba, yana nan zaune, yana ta gyaran hula. Ashe na sata ne, ashe kuma wanda ya sato shi ya huda masa ƙofa ta baya. Wata safiya aka wayi gari, a ƙarƙashin hoton shugabanmu Alhaji Modibbo, mutumin da ya je Hajji ya dawo, ga tallar caca tana ƙyalli, ana cewa a zo a buga a ci miliyoyi. Ku yi dariya yau, ranar ba wanda ya yi. Surukinsa ne ya fara gani. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, mu kuwa da hannunmu muka tsaga bangon, muka kuma ce wa ƙadangaren sannu da zuwa.

Ranar ce Ummulkhairi ta ajiye kunya. Ta zo taron kwamiti, ta durƙusa ta gaishe mu ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Iyayena, ku gafarce ni. Ko ku bar ni in zaɓa, ko ku nemi wani ya gina." Ni na fara cewa, "Yarinyar nan ta yi gaskiya." A rubuta wannan, don ba kasafai ake tuna abin kirkin da na faɗa ba.

To ga abin da muka koya, kuma ina faɗa da ƙarfi don masu dukanci da masu rini da masu saƙa da na ga sun zo, su ma an ce suna shirin buɗe nasu.

Na farko, kafin ado, a nemi mai gadi. Fulogin ne da ke tsare ƙofar shafi, ya hana ɓarawo gwada makullai, ya yi ihu in ya ga baƙuwar fuska. Wanda ya gina shago bai sa ƙyaure ba, ba shago ya gina ba, sadaka ya buɗe.

Na biyu, mai ajiya. Shi wannan aikinsa kullum ya kwafi duk abin da ke shafin ya kai wani wuri ya adana, ta yadda in gobara ta tashi, ko ɓarawo ya shiga, ko wani dattijo ya sake kawo gudummawa, sai a ɗauko na jiya a mayar. Da wannan aka wanke mu daga caca. Ku riƙe sunan mai ajiyar nan da kyau, zan dawo kansa, don akwai kayana a hannunsa.

Na uku, mai rage wa hoto nauyi. Mu sana'armu ta ido ce, dole mai saye ya ga zare. Amma hoton riga ɗaya in aka ɗora shi yadda ya fito daga kyamara, sai ya cinye datar talaka kafin ya ga aljihu. Shi wannan fulogin yana matse hoton, kyan yana nan, nauyin ya tafi. Na ce wa Ummu ai wannan mai bugu ne, riga ta shiga hannunsa da kauri ta fito a kwance tana sheƙi.

Sai mai kula da shago, wanda ke jera kaya, ya faɗi farashi, ya karɓi ciniki ba tare da ya yi gyangyaɗi ba. Sai mai shela, wanda ke sa in mutum ya nemi babbar riga ɗinkin hannu a wayarsa, sunan Tudun Wada ya fito a gaba, ba can ƙarshen layi ba inda ake ajiye ni a hoton ƙungiya.

Akwai kuma sharuɗɗan da ta gindaya, na haddace su kamar Fatiha. Kada a ɗauki biyu masu aiki iri ɗaya, don masu zayyana biyu ba sa zana riga ɗaya. Kada a ɗauki wanda mai shi ya watsar, ya daina duba shi yana gyarawa, don gidan da ba a yaɓe shi damina ce ke gadonsa. A tambayi waɗanda suka yi amfani da shi kafin a sa, kamar yadda ake tambayar halin yaro kafin a ba shi allura. Kada a karɓi na sata ko da an ce kyauta ne, banza ba ta kai zomo kasuwa. A sa ɗaya, a gwada, a ga lafiya, sannan a sa na gaba. Sharaɗi na ƙarshe kuma shi ne ya fi kowanne tsauri. Ta ce rigar ta cika, daga yau duk wanda zai shiga, sai wani ya fita.

Madalla. Duk na yarda. Na ga mai gabatarwa ya miƙe yana murna, ya zaci na gama. Zauna, ɗana. Yanzu na fara.

Jama'a, a cikin abin da aka share ranar wankin nan, an haɗa da nawa. Na san abin da za ku ce, ashe kai ma ka kai gudummawa. Ni ban kai gudummawa ba, buƙata na kai, kuma akwai bambanci. Ban ce a sa mini taurari ba, ban ce a sa mini agogon Turawa ba. Cewa na yi, "Ummu, ni ba na karatu, ba na rubutu. Yawancin masu allurar nan haka suke, da yawa daga masu sayen rigunanmu ma haka suke. Babu wata dabara da mai saye zai yi magana da bakinsa, ni in ji da kunnena, in ba shi amsa da nawa bakin?" Ta ce akwai. Ta sa wani ɗan maɓalli a ƙarƙashin aikin kowane mutum, in mai saye ya danna ya yi magana, muryar ta zo kai tsaye wayar wanda ya yi ɗinkin.

Me ya sa na nace? Ku saurara, yaran yanzu, ku ji abin da ya ci mu. Tun ina saurayi nake ɗinka riga, in yi wata da watanni a kanta har idona ya yi ja, bayana ya ƙage. In na gama sai dillali ya zo ya naɗe ta ya sa a hammata. Labaran, Allah Ya jiƙansa, na yafe masa amma ban manta ba, shi ya fi kowa ɗaukar aikina. Ya kai Kano, ya kai Ikko, ya ƙetare iyaka da ita. In aka tambaye shi wa ya yi, sai ya ce, "Yarana ne." Ni da na girme shi! Wani lokaci ma ya ce aikin Kano ne, don a ganinsa ya fi shiga kunne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar yabo. Na tsufa a sana'ar nan ban taɓa jin muryar wanda ya sa rigata ba. Ban san ko ta yi masa daidai ba, ban san ko an yaba masa a wurin biki ba. Rigunana sun je inda ban je ba, sun gaisa da manyan da ban gani ba, ba wadda ta dawo ta ba ni labari.

To a 'yan kwanakin nan da shafi ke fama da nauyi, kafin a yi wanki, ina zaune a zaure da hantsi ina zura zare, sai wayata ta yi ƙara. Na danna inda Ummu ta nuna mini. Sai na ji muryar mace, dattijuwa, Hausarta da ɗan gishirin kudu. Ta ce, "Salamu alaikum. Sunana Hajiya Zinariya, daga Kumasi nake magana. Jikata ce ta buɗe mini wannan abu, na ɗora tukunya na sauke kafin ya buɗe, amma na jira. Don Allah wane ne ya yi wannan aska takwas ɗin? Ina tambaya ne saboda maigidana, Allah Ya jiƙansa, yana da riga mai irin wannan hannun. A ƙarshen linzamin da ke wuyan rigar akwai wani ɗan ƙulli da yake komawa hagu, ban taɓa ganin irinsa a wata riga ba sai yau. Da ita aka ɗaura mana aure. An ce masa aikin Kano ne."

Jama'a, wannan ƙullin nawa ne. Duk mai allura a rumfar nan ya sani. Alhaji Modibbo, tun muna yara a zauren maigidanmu kake yi mini dariyarsa, kana cewa ƙullin bahago. Ƙullin bahagon nan ya je Kumasi ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya yi jikoki, ni ban sani ba.

Na ajiye allura. Na danna na ce, "Hajiya, ba aikin Kano ba ne. Aikin Nagoda ne, Tudun Wadan Zariya, kuma ga shi yana magana da ke." Ta dawo da amsa tana kuka tana dariya. Ta ce autanta zai yi aure bayan Babbar Sallah, tana so ya shiga irin rigar da ubansa ya shiga, daga hannun da ya yi ta ubansa. Ta ce, "Malam, za ka iya kuwa? Daga muryarka na ji ka manyanta." Na ce, "Hajiya, idon ya rage amma hannun bai san an tsufa ba. Ki sa a auno mini tsayinsa da faɗin kafaɗarsa, ki aiko." Ta ce to, gobe in Allah Ya kai mu.

Goben nan ce aka wayi gari da tallar caca. Aka rufe shafi, aka yi wanki, aka share taurari, aka share agogo, aka share maɓallina. Lambarta ba ta wurina, don ta cikin shafin muke magana. Har yau da nake tsaye a gabanku, baiwar Allah tana can ta auno kafaɗar ɗanta, ta zo ƙofa ta tarar an toshe da bulo. Me za ta ce? Za ta ce tsohon Zariya ya yi alkawari ya gudu. Sallah kuwa ba ta jiran kowa, aska takwas kuma ba a yin ta a mako.

Na kai kuka kwamiti. Malam Suhaibu, sakatarenmu, yaro mai ladabi, ba ni da abin faɗa a kan ladabinsa, ya ce, "Baba, wannan ba ya cikin na dole. Mai saye ya rubuto, ni zan karanta, in raba aiki bi da bi, kowa ya samu." Na ce, "Suhaibu, ban ce za ka ci amana ba. Amma in mai saye ya rubuto maka, kai ka karanta, kai ka ba da amsa, kai ka zaɓi wanda zai ɗinka, to me ya canza? Labaran ne ya dawo da kwamfuta." Ya ji haushi, na sani, ya daina gaishe ni da hannu biyu. Amma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kuma matar nan ba layi take nema ba, ƙullin hagu take nema. In aka bi layi aka ba wani, ya yi mata ƙullin dama, an cuce ta an cuce ni.

Sai aka ce mini, ai ka ji sharaɗi, kuma kai ka fara yabawa: wanda zai shiga sai wani ya fita. Wa za a fitar? Mai gadi? Mai ajiya? Na ce a'a, ban haukace ba. Na sake hawa keke na koma Kongo. Na ce, "Ummu, dube ni nan. Saƙon matar nan ya ɓata?" Ta ce, "Bai ɓata ba, Baba, yana wurin mai ajiya. Ranar da aka mayar da maɓallin, maganarku za ta dawo inda ta tsaya, in ma ta ci gaba da aikowa daga wayarta, yana can a ajiye, zai shigo." Na ce, "Alhamdu lillahi. To shi maɓallin nan, mai shi yana raye yana gyara shi?" Ta ce yana raye. "Na sata ne?" Ta ce halal ne. "Yana da nauyi?" Ta ce bai kai rabin wani da aka bari ba. Na ce, "Wane ne aka bari?" Sai ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Na ce ba zan tashi ba. Ta ce, "Baba, don Allah kada ka ce ni na faɗa."

Ummu, yi haƙuri, ga shi zan faɗa.

Ku dubi farin allon can da aka haska shafinmu a kai. Me kuke gani a sama? Kafin mai saye ya ga riga ko ɗaya, sai ya ga fuskokinmu suna wucewa ɗaya bayan ɗaya kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa. Ga shugaba, ga mataimaki, ga ma'aji, ga dattawa. Ga ni can a ƙarshe, an yanke mini rabin hula, amma ba wannan ce maganar yau ba. Abin da ke juya hotunan nan shi ma fulogin ne, kuma shi ya fi duk waɗanda aka bari nauyi. Ranar wanki Ummulkhairi ta ajiye kunya ta share na kowa, amma da ta zo kan fuskokin iyayenta sai hannunta ya ƙi. Ban ga laifinta ba, tarbiyya ce. Wannan ba aikinta ba ne, namu ne. Mu muka hau, mu za mu sauka.

'Yan'uwana dattawa, ina tambayarku tsakani da Allah. Wa ya taɓa sayen riga don kyan fuskar maɗinki? Wa zai ƙona datarsa daga Kumasi don ya ga gemuna? Mu ba a san mu da fuska ba, da hannu aka san mu. Fuskar nan ƙasa za ta ci, ƙullin kuwa ga shi ya yi shekaru a ƙasar wasu yana faɗin sunanmu ba mu ji ba. Ni dai nawa ra'ayin ke nan, kuma a gaban wakilin mai unguwa nake faɗa, a gaban malamai, a gaban baƙi: ku cire hotona, ku bar muryata. Ku cire hotunanmu, ku bar muryoyinmu, kowane mai allura ya ji mai sayensa, kowane mai saye ya san mai allurarsa. Wanda yake son ganin fuskarsa, akwai madubi a shagon aski.

An ce mini ba a yanke shawarar kwamiti a wurin biki. To ni na kai kwamiti ba sau ɗaya ba, aka ce a bari sai zama na gaba, zama na gaba kuwa bayan Sallah ne. Don haka a nan za a yi ta. Duk dattijon da hotonsa ke allon can, in ya yarda a sauke shi, ya ɗaga hannu jama'a su gani. Ga nawa, na bahago.

Madalla, ga na ma'aji. Ga na mai gyaran hula, Allah Ya yi maka albarka, an yafe maganar caca. Ga wani, ga wani can. Malam Suhaibu, hannun nan naka ɗagawa ka yi ko ƙeya kake sosawa? Ɗaga shi sosai. Yawwa, ɗan albarka. Ba a raba ka da aikinka ba, masu rubutu suna nan da yawa, su naka ne.

Saura mutum ɗaya. Alhaji Modibbo, ranka ya daɗe, hotonka ne na farko, shi ya fi kowanne girma, kuma na san har Kaduna ka je aka ɗauke shi. Tare muka sha dundun maigida ɗaya, tare muka soke yatsu. Ka riga ni zuwa Makka, ka riga ni shugabanci, ban yi maka hassada ba sai kaɗan. Yau abu ɗaya nake roƙo.

Jama'a, kun gani? Hannu biyu ya ɗaga! Allahu Akbar! Ku tafa masa, ku tafa da ƙarfi! Ummu, kin gani da idonki, ba wanda zai ce kin yi rashin kunya. Buɗe kwamfutarki, sauke mu, ki mayar da maɓallin, ni kuma in yi addu'a kafin ki gama.

Ya Allah, Ka sa albarka a wannan shafi, Ka tsare shi daga ɓarawo na fili da na ɓoye. Allah Ka sa albarka a hannun masu zayyana da masu allura da masu bugu, Ka ƙara wa idanunmu haske, Ka sassauta wa bayanmu. Allah Ka jiƙan iyayen gidanmu da suka koya mana, Ka jiƙan mahaifin yarinyar nan, Ka jiƙan Labaran, Ka jiƙan mijin Hajiya Zinariya. Allah Ka ba shugabanmu lafiya da tsawon rai, Ka saka wa Ummulkhairi da abin da ya fi alheri, Ka ba matasanmu haƙurin zama da allura. Allah Ka zaunar da Tudun Wada lafiya, da Zariya, da ƙasarmu baki ɗaya, Ka mai da kowa gidansa lafiya.

Ku ɗan yi shiru. Aljihuna ne ke motsi.

Ita ce, Hajiya Zinariya. Saƙo ne a jere, tun na ranar nan, baiwar Allah ba ta daina aikowa ba. A'a, ba zan kunna muku ba, wannan ba na taro ba ne. Amsa dai zan bayar, ku zama shaida.

Hajiya Zinariya, salamu alaikum. Nagoda ne, daga Tudun Wadan Zariya. Ban gudu ba, ƙofa ce ta toshe, yanzu an buɗe. Na ga saƙonki, zan saurari awon in na koma zaure. Ki gaya wa ango ya kwantar da hankalinsa, yau zan zura zare.

Jama'a, ku gafarce ni, ba zan tsaya cin shinkafa ba, aiki na jirana. Mai gabatarwa, karɓi abinka.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi. Na gode.